Yadda za ki gane inda tunanin ɗanki ya kai, da kayan cikin gida

Jean Piaget, masanin halayyar yara ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1980, da 'ya'yansa uku ya yi nazarin tunanin jarirai: ya ɓoye musu abu, ya zuba ido, ya rubuta abin da suka yi. Ya nuna cewa tunanin yaro hawa-hawa yake girma, kuma amsar da babba ke gani shirme ce, a wurin yaron hujja ce. Ke ma za ki iya gwadawa a tsakar gida.

Ki fara da jariri. Ki zaunar da shi a tabarma, ki kaɗa masa makullai har hankalinsa ya koma kansu, sannan ki rufe su da ɗankwali yana kallo. Ɗan wata biyar yakan kau da kai kamar ba a yi ba. Wajen wata takwas zuwa tara sai ki ga ya miƙa hannu ya yaye ɗankwalin. Wannan shi ne dawwamar abu, wato sanin cewa abu yana nan ko da ido ba ya ganinsa. In ya samo sau uku a wuri ɗaya, ki sauya wurin ɓuyan a gabansa. Da yawa za su koma wurin farko, sai sun kusa shekara suke dainawa. A wannan tsakanin ne kuma ƙiwa take tasowa, ya riƙa tsala kuka in kin fita, domin yanzu ya san kina wani wuri.

Ɗan shekara uku kuma, ki sami kwalin biskit ki zuba tsakuwa a ciki. Ki tambaye shi me ke ciki, zai ce biskit. Ki buɗe ya gani, ki rufe, ki ce, "In Yaya ta shigo, me za ta ce yana ciki?" Yawanci zai ce tsakuwa, don bai raba abin da ya sani da abin da wani ya sani ba. Daga shekara huɗu zuwa biyar zai ce biskit, har da dariya. Masanan da suka zo bayan Piaget ne suka ƙirƙiro wannan gwajin.

Wanda na fi so iyaye su gwada shi ne na yawa, domin a nan ake yi wa yara tsawa ba gaira ba dalili. Ki zuba zoɓo daidai wa daida a kofuna biyu iri ɗaya, ya yarda da bakinsa cewa ɗaya suke. Sai ki juye ɗaya a doguwar gora siririya yana gani, ki ce, "Yanzu fa?" Ɗan shekara biyar zai nuna gorar, tsawon kaɗai yake dubawa. Wajen shekara bakwai zai ce miki ai ba ki ƙara ba, ba ki rage ba. Haka ma in kin jera alewa biyar-biyar layi biyu, kika baza layi ɗaya. Kada ki gyara masa. Ki ce, "Don me ka ce haka?" ki saurara.

Ki lura da yadda kike tambaya. Yaro in aka maimaita masa tambaya da ɗaurarriyar fuska, sai ya zaci amsarsa ta farko ce ba daidai ba, ya canza. A wani bincike na 1974 a Sikotilan, da aka sa 'yartsana ta hargitsa jerin kamar bisa kuskure, yaran da suka amsa daidai sun ƙaru sosai. Don haka ki yi shi cikin wasa, bayan ya ci ya ƙoshi, ba yana jin barci ba.

Shekarun nan kintace ne, wani yaro kan riga wani. Amma in ya cika shekara ɗaya ba ya neman abin da kika ɓoye a gabansa, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya a asibitin da kike kai shi awo.