Yadda za ka tuƙa tsohon ƙaramin jirgi a simuleta ba tare da ka yi katantanwa ba

In dai ka saba da manyan jirage a simuleta, wato manhajar kwamfuta mai kwaikwayon tuƙin jirgin sama, irin waɗanda za ka danna otofailot ka zauna kana kallon sikirin, to ka sani tsofaffin ƙananan jirage wata duniya ce daban, kuma a ganina nan daɗin tuƙi yake. Da ƙafa ake tuƙa su, ido kuma na waje.

Ni shawarata ka fara da Piper J-3 Cub, ɗan rawayan nan mai baƙar walƙiya a gefe. Tun 1938 aka fara ƙera shi a Lock Haven ta jihar Pennsylvania a Amurka, aka daina a 1947, kuma akasarinsu injin Continental A-65 ne mai ƙarfin doki 65 kacal. Ba batir, ba sitata, da hannu ake kaɗa farfela ya tashi, ba shi da falaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukarwa don rage gudu wajen sauka. Kujeru biyu ne gaba da baya, kuma in kai kaɗai ne a baya kake zama saboda tankin mai na gaba, galan 12. Mitar man ma abin sha'awa ce wallahi, wata 'yar waya ce ta leƙo ta murfin tanki a gaban gilashi, an soke ta a jikin toshiya mai iyo, mai na raguwa wayar na nutsewa. A cikin simuletoci, FlightGear kyauta ne kuma akwai J-3 a ciki, X-Plane 12 ya zo da ƙaninsa Super Cub, Microsoft Flight Simulator kuma a 2022 ya ƙara tsofaffi irin su Curtiss Jenny da Beaver na 1947. Jenny dai a bar shi sai hannu ya faɗa.

Kafin komai ka shiga saitin ka kashe duk wani taimako, musamman wanda ke taka maka feda da kansa, wato abin takawar da ke juya hancin jirgi hagu ko dama, don in yana kunne ba abin da za ka koya, kwamfuta ce ke tuƙin kai kana riƙe da sanda kawai. Kayan aiki kuwa joyistik ya isa, amma in za ka ƙara abu ɗaya to fedar ƙafa ce, ta fi komai muhimmanci a nan. In babu, joyistik mai murɗawa zai yi maneji, kibod kam wahala ce zalla. Ka rage saurin amsawar feda a tsakiya don kar ɗan taɓi ya jefa ka gefe. Sannan ka zaɓi fili mai ciyawa, iska sifili, rana tsaka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Waɗannan jirage tayoyi biyu ne a gaba, ƙaramar taya a wutsiya, wato nauyin jirgin yana bayan manyan tayoyin ne. Da zarar hanci ya ɗan kauce, nauyin nan na baya sai ya nemi wuce gaba, kaucewar ta ƙara kanta da kanta, kafin ka ankara jirgi ya yi katantanwa fiffike na gogar ƙasa. Maganinta gyara da wuri kuma kaɗan kaɗan, ka taka ka saki, ka taka ka saki, kar ka danne feda ka riƙe kana jiran ka ga sakamako don lokacin da za ka gani ka riga ka wuce gona da iri sai ya watsa ka ɗaya gefen. Ka ɓata lokaci kana yawo a ƙasa kawai, sanda a ja baya don wutsiya ta kama ƙasa, gudu kamar na mai tafiya da sauri. Hanci zai tare maka gaba, shi ya sa ake tafiya ana lanƙwasa hagu da dama ana leƙawa ta gefe. Birki kuma da lallami, in ka taka da ƙarfi jirgin kan hancinsa zai kifa.

Wajen tashi ka ba da totur a hankali har ƙarshe, kar ka banka lokaci ɗaya. In ya fara gudu ka ɗan tura sanda gaba wutsiya ta ɗago, daidai nan zai fizga hagu saboda juyin farfela da iskar da take bugawa a wutsiya, sai ka tare da ƙafar dama. Idonka can ƙarshen titi. Shi da kansa zai bar ƙasa, ka hau da kamar mil 55 zuwa 60 a awa. A sama mil 75 yake yi, ba sauri, ka sauko ƙasa ƙasa ka bi kogi ko layin dogo da ido ka ajiye GPS. Duk kwanar da za ka sha sanda da ƙafa tare suke tafiya, in ka karkata da sanda kaɗai hancin zai fara leƙa ɗaya ɓarin tukuna.

Sauka ita ce jarrabawar. Tun kana tsaye a ƙasa kafin ka tashi ka kalli inda sararin sama ya yanka gefen hanci, ka haddace hoton nan, shi za ka nema. Kafin ka rage totur ka ja abin ɗumama kabireta, don ƙanƙara kan taru a cikinta ko da ba a sanyi, inji ya shaƙe. Ka tunkari titi da kamar mil 60. In ka ga ka yi sama da yawa, tunda ba falaf, sai ka karkata fiffike ɗaya ƙasa ka taka fedar ɗaya gefen, jirgin zai taho a karkace yana zubar da tsayi ba tare da gudu ya ƙaru ba, dab da ƙasa ka miƙe shi. Daga nan totur a rufe, ka riƙe shi kamar taku ɗaya sama da ciyawa kana ja kana ja a hankali kana hana shi sauka har hoton nan ya dawo, tayoyi uku su taɓa tare. Da sun taɓa sanda ta zo ciki gaba ɗaya ta zauna nan, kar ka sake ta, ƙafa kuma ta ci gaba da aiki har jirgi ya tsaya cak, don yawancin katantanwa bayan an sauka take faruwa lokacin da mutum ya saki jiki. In ya yi tsalle sosai kar ka yi ta kokawa da shi, ba da totur ka sake zagayowa, matuƙan gaske ma haka suke yi.

In saukarka ta fara zama daidai sai ka saka iskar gefe 'yar kaɗan, ka kwantar da fiffike ta inda take busowa, ƙafa ta riƙe hanci a miƙe, tayar ɓangaren iska ta fara taɓawa. Bayan nan ka nemi Tiger Moth na Ingila, mai fiffike biyu sama da ƙasa wanda ya fara tashi a 1931. Na asali ba birki gare shi ba, ƙarfe ne a wutsiya yana jan ƙasa, kuma injinsa Gipsy Major juyinsa akasin na Cub ne, don haka dama zai fizge ka wajen tashi, ƙafar hagu za ka shirya.