Yadda ake gane agogon jabu daga fuskarsa

Kusan duk wanda na gani an cuta a cinikin agogo mai tsada a nan Abuja, abu ɗaya ya yi. Ya ɗauki agogon ya jinjina nauyinsa a tafin hannu, ya zuba wa hannun sakan ido, da ya ga yana tafiya sumul ba ya tsalle sai hankalinsa ya kwanta. Wannan gwajin ya daina aiki tuntuni. Injin yawancin Rolex na zamani yana bugawa sau 28,800 a awa, wato sau 8 a sakan, kuma jabu masu ɗan tsada suna yin haka daidai. Akwai ma Rolex na gaske mai batir, Oysterquartz, da aka fara yi a 1977, shi tsalle yake yi sakan-sakan. Saboda haka ka ajiye batun hannun sakan, ka koma kan fuskar kanta.

Ka fara da haske. Kada ka taɓa duba agogo a ƙarƙashin fitilun shago, an tsara su ne don komai ya yi walƙiya. Ka fito bakin ƙofa ko taga da rana, a cikin inuwa. Ka riƙe ɗan gilashin nan da masu gyaran agogo suke maƙalawa a ido, mai ƙara girma sau 10. Kuɗinsa ba wani abu ba ne idan aka kwatanta da abin da za ka biya. Ni ban yarda da kyamarar waya ba, tana gyara hoto da kanta, ta shafe ainihin aibin da kake nema.

Kafin ka kai gilashi ido, ka nemi lambar samfurin da shekarar da aka ce an yi shi, ka buɗe hoton wannan samfurin daidai, ba ɗan uwansa ba. Shekara tana tona asiri. Ƙaramin rubutun da ke ƙasan ƙarfe shida, idan ka ga T SWISS T ko SWISS T<25, fuskar ta zamanin tritium ce, sinadarin da ke sa hannaye da alamomin awa haske a duhu, wanda Rolex suka daina sawa wajen 1998. Idan mai sayarwa ya ce maka agogon shekara biyar ne kuma fuskar tana ɗauke da wannan rubutu, magana ta ƙare.

Sai rubutu. A na gaske tawadar tana da ɗan tudu da sheƙi, bakin kowane harafi a yanke yake tsaf. A jabu za ka ga harafi ɗaya ya fi maƙwabcinsa kauri, ko tawada ta cike cikin A da R, ko tazarar kalmomi ta bambanta. Dogon rubutun SUPERLATIVE CHRONOMETER OFFICIALLY CERTIFIED shi ya fi ba su wahala, ka bi shi harafi-harafi. A agogon kamfanin Cartier kuwa ka leƙa lambar VII, wani lokaci X: ɗaya daga cikin siraran layukanta ba layi ba ne, sunan CARTIER ne aka rubuta ƙanana ƙwarai. Jabu ko su bar shi layi kawai, ko ya fito a cakuɗe ba ya karantuwa.

Yanzu tagar kwanan wata, inda ni kaina na faɗi. Wani dillali ya kawo mini Rolex samfurin Datejust a majalisarmu ta Wuse 2 bayan Magariba, da kwalinsa da takardunsa. Na duba rubutu da fitilar waya, na ga komai lafiya. Ranar 7 ga wata ce, lambar kuma ta zauna daram a tsakiyar taga. Na biya. Bayan kwana uku na kai wa wani dattijo mai gyara ya rage mini sarƙa. Ya sa gilashinsa, ya ja ƙullin gefe, ya yi ta juya kwanan wata har ya kai 28, sannan ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, duba nan." Lambar 2 ta jingina da bangon hagu na tagar, 8 ta ɗago sama kamar za ta fita. Na ce, "Baba, ko bugewa ya yi?" Ya girgiza kai ya juya zuwa 11, ita kuma ta nutse ƙasa. Jikina ya yi sanyi. Kuɗin ba su dawo ba har yau.

Don haka kada ka tsaya ga ranar da ka tarar. Ka nemi izinin mai shi, ka juya dukkan ranakun 31 ɗaya bayan ɗaya. Lamba guda tana da sauƙin daidaitawa, masu biyu-biyu, musamman daga 20 zuwa 29, su ke fallasa faifan da aka buga a gurguje. Kowace lamba ta zauna tsakiya, kaurinta ɗaya da na sauran. Sannan ka kalli ɗan ƙullutun gilashin da ke saman tagar, wanda Rolex suke kira Cyclops. Na gaske yana ƙara girma sau biyu da rabi, lambar ta kusan cika shi. Idan ka ga lamba ƙarama tana iyo a fili, ƙarin girman bai kai ba. Ka kalle shi kai tsaye daga sama, ya hau tsakiyar tagar, bai karkata ba. Daga nan ka juya hannaye a hankali su wuce sha biyun dare. A Datejust na zamani rana tana canzawa farat ɗaya. Idan ta fara jan jiki tun wajen sha ɗaya, rabin wannan lamba rabin waccan, injin da ke ciki ba nasa ba ne. Ka lura dai Rolex samfurin Deepsea ba shi da ƙullutun, haka Sea-Dweller na kafin 2017, kada ka ƙi na gaske saboda rashinsa.

Sauran ba sa ɗaukar lokaci. A yawancin Rolex na 2008 zuwa yau, zoben ciki da ke tsakanin fuska da gilashi yana da zanen ROLEX ROLEX a kewaye, kambi, wato tambarin Rolex, a saitin sha biyu, lambar agogon a saitin shida. Akwai kuma ɗan kambi da aka zana a jikin gilashi wajen ƙarfe shida tun farkon shekarun 2000, wanda da ƙyar ido ke kama shi. Idan ka gan shi ɓaro-ɓaro daga nesa, alamar jabu ce. Ka haska fuskar da fitila na ɗan lokaci ka rufe ta da tafin hannu, hannaye da alamomin awa su yi haske iri ɗaya, a sababbin Rolex samfurin Submariner shuɗi. A Daytona na Rolex ko Speedmaster na Omega ka danna maɓallan gefe ka tabbatar ƙananan da'irorin suna ƙirga minti, ba ranakun mako ba. Ƙura, zare ko ɗigon gam a gefen alamar awa, ni a wurina ya isa in ajiye.

Idan fuskar ta tsallake duk wannan, ba ka gama ba, domin ana dasa fuskar gaske a kan injin jabu. Ku tafi tare da mai sayarwa wurin mai gyaran da kai ka zaɓa, a buɗe bayan agogon a gabanku kafin ka tura ko sisi.