Hanci ya san lokaci, amma bai san gishiri ba: kurakuran masu girki da ƙiyasi

Yawancin girkinmu ba a auna shi da sikeli. Uwargida takan duba da ido, ta ɗiba da hannu, ta bar hanci ya gaya mata lokacin sauke tukunya. Hanyar ba ta da laifi. Matsala na zuwa ne idan aka ɗora wa hanci aikin da ba nasa ba, ko aka kasa bambance ƙamshi da ƙauri.

A fara da suyar miya, don nan ne aka fi yin ɓarna. Albasa a cikin mai tana bin mataki uku: warin ɗanye mai sa hawaye, sai ƙamshi mai zaƙi-zaƙi lokacin da ta yi laushi gefenta ya fara ja, sai ƙauri. Tsakanin na biyu da na uku bai wuce minti ɗaya ba idan wuta ta yi yawa. Kada ki jira ƙamshin ya cika tsakar gida, domin kafin ya kai can ta riga ta wuce. Tafarnuwa kuwa ko daƙiƙa 30 ba ta jurewa a mai mai zafi, shi ya sa ake sa ta bayan albasa ta yi laushi. Idan ta ƙone, a zubar a sake. Babu maggin da zai rufe ɗacinta.

Markaɗen kayan miya shi ma ana yawan gaggawa da shi. Muddin tururin yana da tsami a hanci, bai soyu ba. Ki bar shi ruwan ya tsotse, mai ya taso sama, sautin tukunyar ya tashi daga ɓararraka ya koma 'yar ƙarar suya. Masu zuba kanwa don kashe tsamin su yi hattara: jiƙa ta ake yi a ɗibi ruwan saman, cokali ɗaya ko biyu ga matsakaiciyar tukunya. Ta yi yawa, miya ta yi duhu ta riƙa bauri kamar sabulu. In hakan ta faru, ƙarin markaɗen tumatir ko ɗan ruwan tsamiya na rage shi, amma ba ya maido da miyar daidai.

Daddawa da wuri take shiga, tare da ruwan nama, ta samu kamar minti 20 tana dahuwa har warinta ya kwanta ya zama ƙamshi. Wadda aka jefa a ƙarshe ita ce ke sa miyar kuka hamami. Kukar kuma a rage wuta, a barbaɗa kaɗan-kaɗan ana kaɗawa da maburgi, in ba haka ba gudaji ne.

Gishiri ba shi da ƙamshi, saboda haka hanci ba ruwansa da shi. Harshe kuma gajiya yake yi: bayan ɗanɗano huɗu ko biyar a jere komai sai ya zama lami, hannu ya yi ta ƙarawa. Ki sa rabin abin da kike zato da farko, ki cika bayan ruwa ya ja, ki kurkure baki kafin ɗanɗanon ƙarshe, a cokali, bayan ya ɗan huce. Ranar girkin taro kuma, ninka shinkafa sau huɗu ba ya nufin ninka barkono da kanwa sau huɗu. Hannun da ya saba da tukunyar mutum shida ba ya gane ta mutum 30.

Sai abin sha mai ɗaci. Ɗaci iri biyu ne, akwai na asalin abu, akwai na kuskure, kuma masu koyo da yawa na biyun suka sha suka ce ba sa so. Ɗauki shayin Buzaye da ake dafawa a majalisa da fada, daga Agadas har Kano. Koren ganye ne na ƙasar Sin, ana zagaye uku da ganye ɗaya: na farko mai ɗaci, na biyu matsakaici, na uku mai zaƙi. A ɗauraye ganyen da ɗan ruwan zafi a zubar, ƙurarsa ta fita. Ƙaramin kofi ɗaya na ganye ya ishi kofi uku zuwa huɗu na ruwa, a kan garwashin da ya kwanta, ba gawayi mai ci da harshe ba. Wuta mai ƙarfi tana ƙafar da ruwan, ganyen ya kama gindin buta, ya ba da maƙaƙin da ke tsayawa a maƙogwaro. Na'a-na'a a zagaye na biyu take shiga, kuma ba a barinta ta daɗe tana tafasa. Sabon shiga ya fara da kofi na uku, ya koma na biyu bayan kwanaki. Kada ya sha na farko da yunwa, tashin zuciya yake sawa.

Gahawa ba ta son dogon tafasa. Cokali biyu na gari ga kofi ɗaya, da ta taso a sauke, a bar ta minti huɗu ta kwanta. Mai son ya saba da ɗacinta kada ya yanke sukari rana ɗaya, ya riƙa rage kwatan cokali duk mako, ya haɗa da dabino. Ɗan gishirin da bai wuce abin da yatsu biyu za su tsinko ba yana danne ɗaci fiye da ƙarin sukari. Mai ƙarancin jini kuma ya ba da tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi ko gahawa, domin suna rage yawan sinadarin ƙarfen da jiki ke ɗauka daga wake da ganye.