Kurakuran da sabon shiga ke yi wajen tayar da tsohon babur a Damagaram

A gidaje da yawa na Birni da Zango da Garin Malam akwai tsohon babur jingine a zaure ko bayan ɗaki, an lulluɓe shi da buhu, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Wani Mobylette ne na kaka, wani Yamaha Mate ne da malamin makaranta ya yi shekaru yana zuwa aiki a kai, wani kuma Honda CG125 ne da aka ajiye tun ranar da mai shi ya rasu. Raina yana yin fari idan na ga saurayi ya jawo irin wannan babur tsakar gida da niyyar tayar da shi da hannunsa. Abin da ke damuna shi ne, ɓarnar da sabon shiga ke yi wa babur cikin mako guda takan fi wadda shekara ashirin na ajiya suka yi masa. Tsatsa da ƙura ana magance su. Kusar da ka cinye wa kai da kayan asalin da ka jefar, su ne ba sa dawowa.

Kuskuren farko ana yin sa ne kafin a taɓa ko sifana ɗaya: kashe kuɗi a kan babur da ba a tantance na wane ne ba. Idan na gida ne, ka tuna yana iya zama kayan gado da ba a raba ba. Muddin yana kwance ba wanda zai kula shi, amma ranar da ya fito yana sheƙi, kowa zai tuna yana da rabo. Ka zauna da manya tukuna, a yi magana a fili, a bar maka ko ka biya sauran magada. Idan saye za ka yi, ka goge wuyan babur ka karanta lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ka gwada ta da wadda ke cikin kartigiriz da takardar duwan. Lambar da aka kankare ko aka sake bugawa, ka bar babur ɗin komai araharsa. A rubuta takardar ciniki gaban shaidu.

Sai zaɓen babur ɗin kansa. Mai koyo yakan ɗauki wanda ya fi ba shi sha'awa, ba wanda zai samu kayansa ba. Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a 1975, an yi shi ne musamman don ƙasashen da hanya ba kyau kuma ba a cika kula da inji ba, sannan kamfanonin Sin da dama sun kwaikwayi injinsa, shi ya sa kayansa ba sa wahalar samu a nan gari ko a Kano. Mobylette da Peugeot 103 sun fi sauƙin ganewa, amma wani ƙaramin abu guda na iya sa ka yi ta yawo tsakanin tsofaffin masu gyara. Kafin ka biya, ka zaga Kasuwar Dole da shagunan kayan babur ka tambayi fistin da zobbansa, takalman birki da kayan karbirato. Idan kowa ya girgiza kai, ka san abin da ke jiranka.

Yanzu babur ya iso gida. A nan mutane ke rabuwa gida biyu, kuma duka biyun kuskure suke yi. Na farko ya zuba fetur ya hau taka kik da ƙarfinsa. Injin da ya shekara goma bai juya ba, cikin silindarsa a bushe yake, watakila zobban sun manne da tsatsa. Taku ɗaya mai ƙarfi ya isa ya karya zobe ko ya karce bangon silinda. Abin yi shi ne ka kwance buji, wato fulogi, ka zuba ɗan baƙin mai gauraye da kananzir kamar cokali ɗaya ko biyu ta ramin, ka bar shi ya kwana biyu ko uku. Bayan nan ka taɓa kik da hannu, a hankali. Idan ya motsa, alhamdu lillahi. Idan ya ƙi, ka ƙara mai ka ƙara jira, kada ka hau shi da ƙafa. Tsohon man da ke cikin inji a zubar da shi kafin a yi tunanin tayarwa, ka kuma tare shi a kwano ka duba: idan ka ga ƙyallin garin ƙarfe, akwai abin da ke cin kansa a ciki.

Na biyun kuma, ranar farko ya warware babur gaba ɗaya, ya baza shi a tsakar gida. Bayan wata uku ba ya tuna wace kusa ce ta ina, yara sun kwashe wasu ƙananan abubuwa sun yi wasa da su, yashi ya shiga ko'ina. Yawancin baburan da ake sayarwa cikin buhu haka suka ƙare. Ka yi ƙoƙari ka ji kukan injin kafin ka buɗe shi, domin kukan ne zai gaya maka inda ciwon yake. In buɗewar ta zama dole, ɓangare ɗaya a lokaci guda. Ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowane abu. Tara gwangwanayen madara da na tumatir, kowanne ka rubuta abin da ke ciki. Kusoshin murfin inji tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka ka zana siffar murfin a kan kwali ka soke kowace kusa a gurbinta. Doguwa a ramin gajera tana fasa jikin inji. Kuma kada ka buɗe inji a ƙasa. Nemi tebur ko tabarma mai tsabta a cikin ɗaki, musamman lokacin hunturu da ƙura ke sauka ko da an rufe ƙofa.

Kayan aiki kuwa, araha ba ta ado. Kusoshin baburan Japan masu kan gicciye ba daidai suke da sukudireban da aka fi sayarwa a kasuwa ba, shi ya sa bakin ke zamewa ya cinye kan kusa. Ka nemi irin sukudireban nan da ake bugawa da guduma, ka jiƙa kusar da mai tun daren jiya. Noti kuma a kama shi da sifana daidai lambarsa, 8, 10, 12, 14 ko 17, ba da filaya ba. Akwai kuma masu zaren hagu: notin da ke riƙe faifan maganaɗisu na Mobylette, wato faifan da ke juyawa yana samar da wuta, da madubin dama na Yamaha, duk baibai ake kwance su. Wanda bai sani ba sai ya yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake, har abin ya tsinke. Shi kansa faifan da abin zaro shi ake cire shi. Duka da guduma yana lanƙwasa sandar inji. Tsofaffin masu gyara suna da wannan abin zarowa. Ka je ka gaishe su, ka ce, “Baba, a taimaka a cire mini wannan,” ka biya ɗan abin da ya sawwaƙa, ka tsaya ka kalli yadda ake yi.

Tanki da karbirato tare ake wanke su, amma mutane sukan wanke ɗaya su bar ɗaya. Ka kwance ƙoƙon ƙasan karbiraton da ya daɗe a ajiye, za ka tarar da wani danƙo kore-kore ya bushe a gindinsa, yana wari mai hawa kai, ƴar balbalar da ke tsayar da mai ta manne. Sabon shiga sai ya ɗauki allura ya soka cikin ƴan bututun tagullan nan da mai ke bi. Ramin an auna shi ne daidai, allura tana faɗaɗa shi, daga nan babur ya riƙa shan mai fiye da kima, buji na yin baƙi kullum. A jiƙa su cikin fetur mai tsabta ko ruwan wanke karbirato, a hura iska, a ɗaga su ga rana a ga haske ya ratsa. Sannan ka haska cikin tanki da tocila. Idan akwai tsatsa, duk wankin da ka yi banza ne, domin kafin ka kai bakin titi ta sake toshe hanyar. Zuba ƙananan notuna da kananzir ka girgiza sosai, ka ɗauraye har ya fita fes, ka shanya, ka sa ƙaramin matacin mai a tiyo. Idan man kwalba na bakin hanya kake saye, ka tace shi da ƙyalle mai tsabta. Tanki mai yoyo kuma, ina roƙonka kada ka kai shi gun mai walda yana warin fetur. Tururin da ya rage a ciki ya isa ya fashe a fuskar mutum.

Maganar baƙin mai ita ce ta fi kashe injin da aka gama gyarawa. Mobylette, Peugeot 103, Yamaha Mate da Suzuki A100 duk masu hayaƙi ne, man 2T suke ƙonawa tare da fetur. A Mobylette da Peugeot kai ne za ka gauraya, tsakanin kashi 2 zuwa 4 cikin 100 gwargwadon abin da kamfanin ya ce, wato mililita 20 zuwa 40 a kowace lita. Sirinji ya fi kintace. Yamaha da Suzuki kuma suna da ƙaramin tankin mai daban da famfonsa. Bayan dogon ajiya iska kan shiga tiyon famfon, sai inji ya yi ta gudu ba mai. Ka fitar da iskar, kuma a cikin tankin farko ka gauraya ɗan 2T har ka tabbata famfo yana turawa. Robobin da ke toshe gefen sandar injin mai hayaƙi su ma zafin garin nan yana busar da su. Idan suna shan iska, inji zai yi ta ihu shi kaɗai, ya yi zafi, fistin ya kama. Canza su ba tsada. Su kuwa CG125 da Honda Super Cub, man 4T na babur suke so, irin 20W-50 a wannan zafi namu. Wasu man mota suna sa kuloci santsi. CG yana da ƴar ragar tace mai da mutane ke mantawa da ita lokacin bidanj, wato canza baƙin mai; a ciro ta a wanke.

Wani abin takaici shi ne zubar da kayan asali. Mutum ya ga karbiraton Japan ya yi datti, sai ya jefar ya sayo sabo mai ƙyalli da ba zai kai shekara ba. Haka fitila, haka murfin tanki, haka silinda. Tsohuwar silindar babur ɗin Japan da ta ɗan ci ana kai ta a gyara cikinta a sa fistin mai ƙarin girma, milimita 0.25 ko 0.50, kuma sau da yawa za ta fi sabuwar kwaikwayo daɗewa. Abin da ya kamata a saya sabo ba ciniki shi ne duk wani na roba da na takarda: tiyo, gasket, robobin mai, wayoyin birki da na totur. Ko abin da ka cire ka sa sabo a madadinsa, ajiye shi a kwali.

Kada ka cire matacin iska don wai babur ya ƙara ƙarfi. A garin da yashi ke ko'ina, wannan ciyar da inji ƙasa ne. In na soso ne, wanke shi, shanya, shafa masa ɗan mai ka matse.

Ta fannin wuta, ka fara sanin tsofaffin nan da yawa volt 6 ne, ba 12 ba, kafin ka sayo batir ko ƙwan fitila. Idan buji ba ya ba da wuta, kada ka yi saurin yanke wayoyi. Goge bakin filatin, wato ƴan ƙarafan nan da ke buɗewa da rufewa don buji ya samu wuta, daidaita tazararsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4, ta buji kuma 0.6 zuwa 0.7, kankare tsatsar inda waya ke haɗuwa da jikin babur. Rabin matsalar a nan take.

Fenti shi ne abin da kowa ke ɗokin yi, kuma shi ya kamata ya zo ƙarshe. Na sha ganin babur yana walƙiya, an ɗinka masa sabon siridi, an manna masa sitika, amma birkinsa na tun zamanin mai shi na farko. Fatar tsohon takalmin birki tana iya ɓallewa daga ƙarfenta ta kulle ƙafa kana cikin gudu. A canza su gaba da baya, kuma kada ka hura ƙurar cikin da baki, tsofaffin suna da sinadarin da ke cutar da huhu. Goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Taya ko zanenta bai cinye ba, duba gefenta: in an yi ta daga shekarar 2000 zuwa yau, lambobi huɗu na ƙarshe suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma idan ta tsattsage ta gama aiki. Sarƙa a bar mata sassauci kamar santimita 2 zuwa 3, a canza ta tare da haƙoranta biyu. Kuɗin fenti ya jira sai waɗannan sun kammala.

Ranar da inji ya tashi, abokai za su taru kowa na son ya ɗana, wani ma ya ce a gwada shi da na ƴan kabu-kabu. Ka hana. Sabon fistin da zobba suna bukatar kilomita 500 zuwa 1,000 na tafiya a hankali, ba murɗe totur har ƙarshe, ba goyon mutum biyu, ba kutsawa cikin yashi mai zurfi. Fita da sassafe ko bayan la'asar, da hular kwano a kanka, kamar zuwa Mirya da dawowa, kana tsayawa inji ya huce. Idan ka dawo ka bi notuna ka sake ɗaure su, ka kwance buji ka duba launin bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ake so. Baƙi na nufin mai ya yi yawa, fari fat kuma iska ta yi yawa, kuma da wannan farin kada ka sake hawa sai ka gano ta inda iskar ke shiga.