Yadda ake saƙa jakar cefane da tsohuwar leda

Duk macen da ta taɓa riƙe kwarashi ta saƙa hular jariri ko safa, ta riga ta iya rabin wannan aiki. Abin da ya rage mata shi ne ta koyi yadda ake mayar da leda ta zama zare. Wadda ba ta taɓa saƙa ba ita ma kada ta karaya, domin saƙa iri biyu kawai jakar take bukata, kuma zan yi bayaninsu dalla-dalla. Kayan aikin almakashi ne mai kaifi, da kwarashi mai kauri, da bokitin ruwa, da ledojin da kike zubarwa kullum.

Ki duba cefanen yini ɗaya, 'yar'uwa. Tumatir a leda, attaruhu a leda, albasa a leda, daddawa da gishiri kowanne da ƙullinsa, manja ma a ƙulle, sannan a haɗa su duka a babbar baƙar leda. Kafin la'asar an gama da su, sun koma bola ko iska ta kwashe su. Da damina ta sauka sai mu same su a kwata sun toshe hanya, ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin hayayyafa, wani lokaci ruwan ya juyo cikin gidaje. Abin da ya fi ci min rai shi ne dabbobi. Akuya ko tunkiya tana jin ƙanshin abinci a jikin leda sai ta haɗiye ta, kuma ciki ba ya narkar da ita. Ki tambayi duk mahaucin da ke fiɗa, zai gaya miki yadda yake ciro dunƙulen leda a tumbi. Dabba ta yi ta rama, mai ita yana ta sayen dusa da magani, bai san cikinta a cushe yake ba.

Mutuwar awaki irin wannan tana cikin abin da ya sa wata mata mai suna Isatou Ceesay, a ƙauyen Njau na ƙasar Gambiya, ta haɗu da wasu mata 'yan ƙalilan a 1997 suka fara tsintar leda suna wankewa suna saƙa ƙananan jakunkunan kuɗi suna sayarwa. A 2015 Gambiya ta hana amfani da ledar cefane. Mu ma wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mun taso mun ga ana yin aci-bal-bal da gwangwanin madara, ana yanka guga daga tsohon tub na mota, ana yin takalmi da taya, dattawa na zaune a gindin bishiya suna warware buhun taki suna tufka igiya. Goggona da ta koya min saƙa, da zaren buhu take yi wa faifai ado. Leda ce kawai muka bari ta fi ƙarfinmu.

Ki fara da tarawa. Ki rataye tsohon buhu a bayan ƙofar kicin, duk ledar da ta shigo gida a jefa ta ciki. Ki gaya wa maƙwabta, za ki sha mamakin yadda buhun zai cika da wuri. Jaka madaidaiciya tana cin leda kamar 60 zuwa 70, ya danganta da girmansu da yadda hannunki yake matse saƙa. Amma ba kowace leda ake ɗauka ba. Wadda aka zuba ɗanyen nama ko kifi, wari ba ya barinta ko an wanke. Wadda ta taɓa maganin ƙwari, ko gubar ɓera, ko ta fito daga sharar asibiti, kada ma ta shiga buhun. Haka wadda ta daɗe a rana har ta yi fari-fari tana ɓarewa in an ja ta, ta riga ta mutu, za ta tsinke a tsakiyar aiki.

Ki juya kowacce ciki ya koma waje, ki kakkaɓe, ki jiƙa su a ruwan omo na ɗan lokaci, ki cuɗa a hankali, ki ɗauraye. Ki shanya a igiya a inuwa bakinsu na kallon ƙasa, ki maƙale su da abin shanya don kada iska ta mayar da su inda kika tsamo su. Sai sun bushe ƙayau ciki da waje za ki taɓa su. Leda mai danshi idan aka naɗe ta, bayan kwana biyu sai ta soma tsami.

Yanka shi ne wurin da ya kamata ki natsu, domin kyan jaka daga nan yake farawa. Ki shimfiɗa leda a kan tabarma ko teburi, ki mayar da ninkin gefunanta ciki yadda ta fito daga kamfani, ki shafe ta da tafin hannu iska ta fita. Ki ninke ta a tsaye gida biyu, ki sake ninkewa, ta zama siririya doguwa. Ki datse hannuwan daga sama, ki datse gindin daidai inda aka liƙe. Abin da ya rage a hannunki a buɗe yake sama da ƙasa. Yanzu ki riƙa yanka shi a kwance, gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa faɗin yatsu biyu, wato kamar santimita 3. Idan kika buɗe gunduwa ɗaya za ki ga ta zama babban zobe. Baƙar leda ta 'yan kasuwa takan ba da zobe takwas zuwa goma. Idan ledar mai kauri ce, irin ta manyan shaguna, ki rage faɗin zuwa yatsa ɗaya da ɗan ɗori. Idan shara-shara ce ki ƙara. Abin da ake nema shi ne kaurin zaren ya zo ɗaya daga farko har ƙarshe, in ba haka ba jakar za ta fito wani wuri a kumbure wani wuri a tsuke. Idan hannunki ya saba, za ki iya ɗora leda uku ko huɗu ki yanka lokaci guda.

Haɗa zoben ba ya bukatar allura. Ki zura bakin zobe na biyu ta cikin na farko, ki lanƙwaso shi ki sake zura shi ta cikin kansa, sannan ki ja. Kafin ki matse ƙullin, ki miƙar da zoben ki tabbatar ɓangarorinsa biyu tsawonsu ɗaya. Idan ɗaya ya fi, zai riƙa lilo a jikin saƙa yana kama kwarashi. Ki ja a hankali har ƙullin ya kwanta ya zama ɗan ƙarami. Fizga tana sa leda ta miƙe ta sirance a wuyan ƙullin, kuma nan ne za ta tsinke ranar da kika zuba doya a jakar. Ki ci gaba da haɗawa kina naɗewa ya zama curi. Wannan aikin yara suna jin daɗinsa, da yamma bayan an dawo Islamiyya nakan zube musu zoben a faranti su yi ta haɗawa, ni kuma ina saƙa. Almakashin dai ya tsaya a hannun babba.

Kwarashin saƙar ulu ya yi ƙanƙanta. Ki nemi mai kaurin milimita 6 zuwa 8 a wurin masu sayar da kayan saƙa. Na ƙarfe ya fi santsi, leda ba ta manne masa kamar na roba. Idan ba ki samu ba, a feƙe miki daga ice mai ƙarfi ko hannun tsohon buroshin haƙori, a goge shi sosai kada ya bar ƙaya. Idan kin ji zaren yana cijewa yana ƙara, ki ɗan shafa man kaɗanya ko basilin a kan kwarashin.

Da gindi ake farawa. Ki yi madauki ki sa kwarashi, ki ɗauko zare ki jawo ta cikinsa, ki yi ta maimaitawa har ki samu sarƙa mai ido 25, kowane madauki da kika jawo ido ɗaya ke nan. Wannan ita ce saƙa ta farko. Ta biyun kuwa, ki tsallake ido ɗaya, ki soka kwarashi a na gaba, ki jawo zare, yanzu madauki biyu ne a kan kwarashin, sai ki sake ɗauko zare ki jawo ta cikinsu duka biyun. Shi ke nan, da wannan za a gama jakar. Ki bi sarƙar ido bayan ido har ƙarshe, ba sauran tsallake, a idon ƙarshe ki saƙa sau uku a wuri ɗaya don ki samu kwana, sai ki dawo ta ƙasan sarƙar, a wancan ƙarshen ma ki yi haka. Kowane zagaye ki ƙara ido uku a kowane ƙarshe, kina rarraba su a kan kwanar, gefunan kuma ba ƙari. Ki maƙala fil ko ɗan ƙyallen leda mai wani launi a inda zagaye ya fara don kada ki ɓace.

Ki riƙa ajiye saƙar a ƙasa kina dubawa. Idan ta soma lanƙwasowa kamar ƙoƙo, ƙarin ya yi kaɗan. Idan gefen yana tattarewa yana hawa da sauka, ƙarin ya yi yawa. Ki warware zagayen ki gyara tun da wuri, amma a hankali, leda ba ta jure yawan warwara. Kuma ki saki hannu. Wadda ta saba da ulu takan matse, ita kuwa leda idan aka matse ta sai kwarashi ya ƙi shiga, yatsu su yi ciwo tun ba a je ko'ina ba.

Bayan zagaye biyar ko shida gindin ya isa. Daga nan ki daina ƙari. A zagayen farko na bango, kowane ido za ki ga yana da zare biyu a samansa, ki soka a na bayan kaɗai. Wannan ne yake karya saƙar ta miƙe tsaye, jakar ta iya zama da gindinta. Sauran zagayen ki koma soka duka biyun, ki yi ta hawa har tsayin ya kai santimita 30 zuwa 35. Nan ne aikin yake da tsawo, ki ba shi kwanaki.

Baƙar leda ita ta fi yawa, don haka ita ce jiki. Masu launi, shuɗi da rawaya da mai ratsin fari da baƙi, ki ware su ki yi curinsu daban, ki riƙa sako layi biyu bayan kowane layi biyar ko shida na baƙi. Ni na fi son baƙi da rawaya. Ledar burodi mai rubutu ma tana ba da wani yayyafin launi mai kyau idan aka saƙa ta, rubutun ba ya karantuwa.

Hannu shi ne inda jakunkuna da yawa suke mutuwa. Ki kwantar da jakar ki nemo tsakiyar kowane ɓangare, ki ƙirga ido shida hagu shida dama ki sa alama. Idan saƙa ta kawo ki alamar farko, ki yi sarƙa mai ido 35, ki tsallake waɗannan goma sha biyun, ki sauka a alama ta biyu. Ki yi haka a ɗaya ɓangaren. Sannan ki sake zagaye uku kina bi ta kan sarƙar. A zagayen farko ki kwantar da igiyar buhu a jikin sarƙar ki saƙa a kanta ta ɓuya a ciki, kuma igiyar ta zagaye bakin jakar gaba ɗaya kafin ki ƙulle ta, yadda nauyi zai rarrabu. Ki yi hannun ya ɗan gaza yadda kike so, domin da an fara ɗaukar kaya zai ƙara tsawo.

Idan kin gama, ki bar jela mai ɗan tsawo, ki jawo ta cikin madaukin ƙarshe, ki cusa ta cikin saƙar da kwarashi. Kada ki ƙyasta ashana don ki liƙe bakin. Ina roƙonki ma ki raba leda da wuta baki ɗaya. Hura gawayi da leda ya zama ruwan dare a gidajenmu, hayaƙin nan kuwa guba ne, kuma mai girki da yaron da ke goye a bayanta su ne suka fi shaƙa. Ɓawon gyaɗa, totuwar masara ko 'yan ƙirare sun ishe ki kama wuta.

Hannuwa da gindin da kika datse tun farko kada su koma bola. Ki tara su ki cusa a matashin kujera ko na jingina, ki ɗinke bakin da kyau. Ban da matashin jariri, kuma kada a bar su inda mai rarrafe zai kai baki.

Ledar fiya wata aikinta daban ne. Ta yi kauri da gajarta, zobenta ba ya daɗin saƙa. Ita farke ta ake yi a buɗe, a wanke, a shanya, a jera a haɗa da keken ɗinki ta zama falle babba. Fallen nan shi nake sa wa jakar a ciki, in rufe shi da guntun tsohuwar atamfa, don kada ƙananan kaya su zube ta ramuka, kuma ko tumatir ya fashe gogewa kawai za a yi.

Ranar da za ki fita da ita, ki jefa robobi biyu ko uku masu murfi a ciki, ɗaya na manja, ɗaya na markaɗe, ɗaya na nama. Idan mai kayan miya ya kai hannu zai zaro leda, ki ce masa, “Malam, bar ledarka, zuba min a nan.” Idan yaro ake aika, a ba shi jakar a gaya masa haka. Wannan ne amfanin aikin na gaskiya, domin leda 70 da kika saƙa ba su kai waɗanda jakar za ta hana shigowa gidanki ba.

Idan ta yi datti ki wanke ta da ruwan sanyi da sabulu ki rataye a inuwa. Kada ki ajiye ta kusa da murhu ko ki bar ta a rana, zafi yana sa ta bushe ta soma karyewa. Ki ajiye ɗan ragowar curi a gefe, duk inda ido ya tsinke ki ɗaura sabon zare ki cike wurin tun ramin bai faɗaɗa ba.