Yadda za ka haɗa wa makaho na'urar da ke tsare masa goshi

Gyaran waya nake yi a Garwa. Kawuna ya rasa ganinsa tun ina yaro, kuma da sandarsa yake zuwa masallaci, ba ya son ɗan jagora. Ran da ya dawo gida jini na bin gemunsa, bakin kwanon wata rumfa ya yanke shi a goshi, ran nan na ɗauki wannan aiki.

Kafin ka kunna ƙarfen dalma, bi mutumin a baya kwana biyu ko uku, bakinka alaikum. Za ka ga sanda ta riga ta gama da ƙasa: kwata, dutse, ramin da ruwan damina ya ci. Inda ba ta kai wa shi ne daga ƙirji zuwa sama, wato kwanon rumfa, reshen darbejiya, rodin da ya leƙo daga bayan mota. Nan kawai na'urarka za ta yi gadi, kada ka ce za ta gaji sanda.

Nemi na'urar auna tazara HC-SR04. Tana harba sautin da kunne ba ya ji, ta jira dawowarsa, kuma tana aunawa daga santimita 2 zuwa kamar mita 4. Haɗa ta da Arduino Nano, wato ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni, sai ɗan injin girgiza da za ka ciro daga matacciyar waya. Sa tiransista, ɗan abin da ke buɗe wa injin wuta ya rufe, tsakanin injin da Arduino, in ba haka ba, za ka ƙona ƙafar Arduino da ka haɗa injin a kanta. Batiri mai caji samfurin 18650 ya wadatar, amma sai ka ɗaga wutarsa zuwa bolt 5. Na fara da batirin ajiye caji na waya, ashe da yawansu kashe kansu suke yi idan abin da ke jan wuta kaɗan ne. Ka gwada naka tukuna.

Ga kuskuren da har yau nake jin zafinsa. Farkon haɗina ƙara yake yi ta abin sawa a kunne. Kawu bai kai bakin titi ba ya cire, ya miƙo mini, ya ce: "Ɗana, ka toshe mini idon da ya rage." Da kunne yake gane babur na tafe, da kunne yake jin katanga ta ƙare an shiga lungu. Bar masa kunnensa. Mayar da saƙon girgiza, a wuyan hannun da ba ya riƙe sanda.

Ni na ɗaura ma'aunin a ƙirji, na ɗan karkata shi sama. Na sa girgiza a hankali idan abu ya kai santimita 150, da sauri idan ya matso 60. Mataki biyu sun isa, fiye da haka ruɗa mutum yake yi. Ka sani kuma na'urar ba ta cika jin tufafi masu laushi ko siririyar igiya ba, ka faɗa masa gaskiyar haka tun farko. Lokacin hunturu a riƙa kakkaɓe ƙura daga ragar bakinta da busasshen buroshi.

Sai ka ba shi ya yi mako guda da ita, ka zauna ka ji ƙorafi. Na Kawu shi ne, a sahun salla bayan mutumin gabansa ke sa ta karkarwa tun daga kabbara har sallama. Na sa masa babban makunni a gefe, na ɗiga dalma a kansa yadda yatsa zai same shi ba lalube. Yanzu a bakin ƙofar masallaci yake kashe ta, daidai inda yake tuɓe takalmi.