Yadda muke buɗe fayilolin Word da CorelDRAW a shagona ba tare da taka doka ba

Shagona na buga takardu yana wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Kwamfuta huɗu ne a ciki, duk LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta, ce a kansu. Ɗalibai na kawo furojet a filashi, masu biki na kawo katin gayyata da aka zana a CorelDRAW. Ƙanena da ke koyon rubuta manhaja ya tambaye ni: "Yaya, in tawa manhajar ta buɗe fayil ɗin Microsoft, ban shiga gonar wani ba?" Ga abin da na faɗa masa, kuma shi nake bi.

Fara da abin da mai shi ya fitar da hannunsa. Tsarin docx, wato fayil ɗin Word, a rubuce yake, ya zama ma'aunin duniya mai lamba ISO/IEC 29500 a 2008. Tun 2006 Microsoft ya yi alkawari a bainar jama'a cewa ba zai kai ƙarar wanda ya yi aiki da tsare-tsaren da ya lissafa ba, a 2008 kuma ya fitar da bayanin tsofaffin tsare-tsaren fayilolinsa, doc da xls da ppt. Daga nan za ka koya. Sai dai ka san iyakar alkawarin: haƙƙin ƙirƙira (patent) na Microsoft kaɗai ya rufe, wani na iya ɓullowa daga gefe. Shi kansa Microsoft ya ɗanɗana, domin kamfanin i4i na Kanada ya kayar da shi a 2009 kan wani sashe na Word, Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar a 2011, kuɗin ya kai kusan dala miliyan 290. Irin wannan haƙƙi a ƙasar da aka yi masa rajista yake aiki, to amma ranar da ka ɗora manhajarka a intanet mutanen can suka fara saukewa, ka shiga huruminsu.

Fayil ɗin cdr, wato na CorelDRAW, ya fi wuya, sai an bi shi da nazari. Zana abu da kanka a manhaja mai lasisin gaske, adana, canza launi ɗaya, sake adanawa, ka kwatanta cikin fayilolin biyu. Rubuta kowane mataki a littafi da kwanan wata, shi ne shaidarka. In wani ya turo maka lambobin manhajar kamfani da aka sato, kada ma ka buɗe. Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2012, a shari'ar SAS da World Programming, cewa kariyar da doka ta bai wa manhaja ba ta kai ga tsarin fayil ba. Hukuncin Turai ne, don haka kafin ka sayar da komai a nan, kai wa lauya takardar lasisin ya duba.

Kulle kuwa, bar shi. A 2001 an kama Dmitry Sklyarov a Las Vegas saboda manhajar da ke cire kullen littattafan Adobe, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta hana karya irin wannan kariya. Wani ya taɓa kawo mini littafi a kulle, wai in buɗe in buga masa kwafi hamsin. Na ba shi haƙuri, na mayar masa da filashinsa.

Inda mu masu shago muka fi zamewa shi ne haruffa. Fayil ya zo da Calibri, shafuka suka watse, sai mutum ya kwafo haruffan daga kwamfutar Windows ta maƙwabci. Ba ka da izinin yin haka, lasisinsu na tare da abin da aka saya. Sa Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria, Liberation Serif a madadin Times New Roman. Faɗinsu ɗaya ne, layi ba ya gocewa. Kafin ka buga rubutun Hausa, duba ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai, domin na ga katin ɗaurin aure ɗari biyu da suka lalace saboda ƙugiya ɗaya.

Na kuma gargaɗi ƙanena kan suna. Ya rubuta cewa manhajarsa tana buɗe docx, ya tsaya nan, kada ya ari sunan Word ko tambarinsa.

Aikin shago duka a odt, fayil ɗin LibreOffice, nake adana shi, tsarin da ya zama ma'aunin duniya tun 2006. Sai mai aiki ya nema nake fitar masa da docx, wanda zai kai wajen bugu kuma PDF nake ba shi.